Yashin da Namadi Ya Shimfiɗa

Namadi Mai Majigi bai iya zama ba. Wannan kowa ya sani a Duza, daga liman har matan da muryarsa kaɗai suka sani ta bayan katanga. Ko gidan suna aka shimfiɗa masa tabarma, kafin a dama fura ya tashi ya leƙa waje, ya dawo, ya jera takalman mutane a bakin ƙofa. Matarsa Saude ta ce shekara talatin da aurensu ba ta taɓa ganin ya cinye tuwo a zama ɗaya ba. To mutumin da yake haka, wai shi Allah ya ɗora wa son abin da sai an zauna awa uku ake jin daɗinsa. Ikon Allah ke nan.

Yana saurayi ya gudu Gusau ba sallama. Can ya samu aikin shara a wani gidan silima, kuma abin da ya riƙe shi a aikin bai wuce an bar shi ya tsaya jikin bango ya yi kallo ba. Shekara goma sha ɗaya yana tsaye jikin bangon nan. Da aka rufe gidan aka mayar da shi wurin ajiye taki, sai ya dawo gida ya kama fartanya kamar kowa, amma da akwatin ƙarfe a kansa. Cikin akwatin kaset-kaset ne na bidiyo, kuma bai daina ƙara su ba. Direban da ke zuwa Kwatano ya san abin da zai riƙo masa, haka alhajin da ke dawowa daga Jidda. Wasu kaset ɗin sun girmi 'ya'yansa, hotonsu baƙi da fari, yana rawa kamar ruwan randa.

Bayan gari, gindin wata tsamiya, ya kafa rumfa. Ya kewaye ta da zana, ya lulluɓe da buhuna don a samu duhu, ya sa talabijin da bidiyo da ɗan ƙaramin janareta. Daga la'asar yake farawa, ana kiran magariba ya kashe, ko da jarumi na rataye a bakin rijiya, domin haka ya yi wa liman alkawari. Yara ƙanana kuwa nasu ne gaba, a ƙasa, ba mai hana su shiga.

Yaren kowa ba ya ji. Hausa ce, sai ɗan Fulatancin da ake sayen nono da shi. Amma yakan tsaya gefen talabijin da karan dawa a hannu, yana nuni yana bayani, kai ka rantse da shi aka shirya fim ɗin. Ya san mutanen Masar da rigima a kan matakalar bene, uwa na sama, ɗa na ƙasa, maƙwabta duk sun leƙo. Ya san 'yan Indiya ba su iya baƙin ciki ba sai da waƙa da ruwan sama. Na Japan, in ji shi, mutum biyu za su zauna suna kallon juna har ka gama shan rake guda, sannan takobi ya fita sau ɗaya tak, magana ta ƙare. Na Italiya na da can kuwa talakawa ne masu yawo a titi da yunwa, kuma su ya fi tausayi.

"Ku dubi takalminai," yakan ce, ya ɗora kan karan a kan gilashi. "Mai fim bai nuna muku takalmin ga don banza ba. Wanga mutum tun sahe bai ci komi ba, kuma kunya ta hana shi hwaɗi."

Samari su dai a ba su fim ɗin Canis mai duka, akta ya karya bos a tashi. Yana ba su, don shi ma yana son duka in an iya ta. Amma sharaɗinsa, wanda ya kalli na yau sai ya zo na gobe, kuma na gobe Namadi ke zaɓa. Haka ya koya wa rabin garin haƙuri da fim mai tafiya a hankali. Ranar fim ɗin kaboyi kuwa Fulanin ruga ke cika bayan rumfa, ba don bindiga ba, don shanu. Wani dattijonsu, Modibbo, ya taɓa tashi cikin fushi ya ce waɗannan ba makiyaya ba ne, ɓarayi ne, wa ke korar nagge da gudu haka in yana son nononta? Namadi ya yi shekara yana ba da labarin nan yana dariya.

Kaset ɗaya ne ya kasa sa kowa ya so. Tsoho ne tukuf, ba magana a ciki ko ɗaya, wani siririn mutum ne ɗauke da ƙyauren ɗaki a ka yana neman gidan da zai kai shi, bunsuru na bin sa. Samari suka sa masa suna fim ɗin kurame. Da ya saka sai su miƙe su kaɗe wando. Shi kuwa yana cewa wannan ne uban duka, sauran duk jikokinsa ne.

Akwai kuma mutum ɗaya da Namadi ya tsana, kuma yana cikin kowane fim na kowace ƙasa: wanda ya san gaskiya ya yi shiru. Ko likita ne, ko baran gida, ko ƙanwar uwa. Da ya bayyana sai Namadi ya danna, hoto ya tsaya cak, ya juyo yana huci.

"Kun gan shi? Wanga ya hi bos mugunta! Bos dai ya hito hili. Shi ko baki gare shi awa kowa, kalma guda za ta tsirar da yarinyar ga, ya tsaya yana susar ƙeya. Hwaɗi mana, tsinanne!"

Rumfa ta ɗauka gaba ɗaya, har yaran gaba: "Hwaɗi mana!"

A cikin yaran gaban nan akwai jikarsa Raihana, ɗiyar ɗansa Shafi'u da matarsa Hamida. Shekararta huɗu, bakinta kuwa na 'yar goma. Namadi na kiranta amaryarsa, ita kuma ta ce ba ta auren tsoho mai furfura a kunne. Duk inda ya sa ƙafa tana biye, babban yatsanta a baki.

Sai zinare ya zo. Maza suka riƙa kwaso dutse daga daji a buhu, ana dakawa a turmin gida, ana niƙawa a injin da ake niƙa dawa, ana wankewa a bakin tafki. Gida-gida ƙura ce fara. Gidan Namadi kaɗai ba a daka ko tsakuwa ba, kuma kada wani ya ce hangen nesa ne. Ina! Kaset ɗinsa yake ji, don ƙura na kashe bidiyo. Ya ce wa Shafi'u in zai yi zinarensa ya yi can waje, amma dutse ba zai kwana masa a gida ba.

Da damina ta sauka, ƙasan rumfa ya zama taɓo. Yaran gaba na zama cikin laka, tururuwa na cizonsu, iyaye mata suka fara hana su zuwa. Abin ya dami Namadi ƙwarai. Wata rana yana wucewa ta bakin tafki ya ga tulin yashin da ke saura bayan an wanke zinare, an watsar ba mai so. Ya sa hannu ya ji laushi kamar garin tuwo, ga ɗan ƙyalli, kuma ruwa ba ya kwanta masa. Da kansa ya ɗora wa jaki mangala, ya yi ta sawu har ƙasan rumfa ya rufe, ya bi da tafin hannu ya daidaita gaban talabijin, wurin yara, inda ya fi zubawa da kauri. Mutane suka yaba. Yara suka riƙa birgima a kai, ƙuli-ƙuli ya faɗi su ɗauka su hure su jefa baki.

Bazarar 2010 yara suka fara mutuwa. Amai, zazzaɓi, sai jijjiga, ido ya kafe, shi ke nan. Aka ce iska ce, aka ce sanƙarau ne. Maƙwabcin Namadi, Ɗanjuma, ya binne ɗansa Sani, yaron da wurin zamansa a rumfa kowa ya sani, dama da ƙafar teburin talabijin. Namadi ya rufe rumfa saboda makoki. Daga baya likitoci suka zo suka ɗebi jini, suka ce gubar dalma ce, tana cikin dutsen da ake dakawa, ƙurarsa ce yara ke haɗiya. Bayan kaka aka zo da wata na'ura da ake ɗora wa ƙasa ta nuna lamba, ana bi gida-gida. Inda lamba ta hau, a kankare ƙasar a kai rami, a zuba sabuwa. Gidan Namadi na'ura ta ce lafiya lau. Ya fito ƙofar gida yana gaya wa duk mai wucewa, har da ɗan murmushinsa.

Rumfa kuwa ba gida ba ce, ba a daka a cikinta, kuma tana bayan gari a rufe. Ba wanda ya sa ta a lissafi. Shi ma bai sa ba, wallahi a lokacin bai sa ba. Kullum da hantsi yakan je ya goge kaset ya shanya akwati, amaryarsa na zaune gaban talabijin tana wasanta.

Duk da tsabtar gidan, jinin Raihana ya nuna guba mai yawa. Aka kai ta Anka ita da uwarta, ta sha magani makonni, lamba ta sauka, aka sallamo su. Wata bai cika ba lamba ta sake hawa. Malama Zulai, ma'aikaciyar lafiya 'yar Gummi da ke zuwa duba yara duk mako, ta zo har zauren Namadi ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, wagga yarinya akwai inda taka samun abin ga. Magani wanke jini yaka yi, amma in tana komawa tana haɗiya, aikin banza muka yi, kuma wata rana jijjiga za ta kama ta. Mun sake auna gidanku, babu komi. Ina taka wuni in ba gida ba?"

Nan take ya gani. Ya ga yashin, ya ga ƙyallinsa, ya ga yatsan nan da ba ya fita daga baki. Ya ga Sani a gefen ƙafar tebur, da sauran yaran gaba ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ke nan da waɗanda ba su nan. Ya buɗe baki, sai ya hango Ɗanjuma ta ƙofar zaure yana ɗaure akuyarsa.

"Gida taka wuni," in ji Namadi.

Malama Zulai ta dube shi, ta ce to Allah ya sawwaƙe, ta tashi.

Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma ba zan yi masa kwaskwarima ba. Tsoron ya tsaya gaban mutanen da suka yaba masa ya ce da hannunsa ya shimfiɗa wa 'ya'yansu mutuwa, har yana daidaitawa da tafi. Ya ce wa ransa ai ba sai an faɗa ba, gyarawa za a yi. Ya sa wa ƙofar rumfa kwaɗo, ya hana Raihana bin sa. Ta yi kuka ta ce ta fasa auren, bai ko yi dariya ba.

Mutumin da da ma bai iya zama ba, yanzu tsayuwar ma ta gagare shi. Ya tafi gona ya dawo bai taɓa komai ba. Ya ɗauki buta ya ajiye. Saude ta ce, "Malam, mi ka cin ka?" Ya ce ƙafa ce ke masa zogi, ya fita. Rana ta uku ya shiga rumfa da shebur ya cika mangala, ya kora jaki zai zubar. To ina? Ya nufi gabas, gonar mutane ce. Ya juya kwari, nan shanun su Modibbo ke shan ruwa. Bakin hanya yara ke bi zuwa itace. Ramin da ake kai ƙasar gidaje kuwa akwai ma'aikata, za su tambaye shi daga ina. Tun hantsi har rana ta karkata yana zagaye gari da jaki, daga ƙarshe ya dawo da kayansa ya juye inda ya ɗebo. Jakin ma ya gaji da shi.

Rana ta biyar ya hau babur har kasuwar Nasarawa Burkullu, wai an ce wani na da tsohon kaset na mutanen Rasha. Ya sha hanya, ƙugunsa kamar zai cire. Aka miƙo masa kaset ɗin, ya juya gaba ya juya baya, bai ga komai a jikinsa ba, ya mayar ya hau babur ya dawo. A hanya ya shirya maganar da zai gaya wa Malama Zulai, tsaf, har da inda zai fara. Da ta zo ran mako sai ya tafi gona.

Rana ta tara da safe ihun Hamida ya tashi daga cikin gida. Raihana ce a ƙasa, jiki na karkarwa, haƙora sun datse. Shafi'u ya tada babur, Hamida ta rungume ta a baya, suka yi Anka. Saude na salati tana kuka a tsakar gida. Namadi ya bi babur da ƙafa har bayan gari, ya tsaya, bai san inda zai sa kansa ba. Ƙafarsa ta kai shi gindin tsamiya.

Kwaɗo na nan yadda ya bar shi. Ya buɗe. Haske na shigowa ta wata ɓula a gindin zana, daidai yadda ƙaramin yaro zai kutsa. A kan yashin ga sawun ƙafa ƙanana, sababbi. Gefen talabijin, daidai wurin da yake tsayawa da karansa, an jera gwangwanaye uku na tumatir da tuwon ƙasa a ciki, an mulmula shi da kyau, an yayyafa ganyen tsamiya a matsayin miya. An rufe ɗaya da marfin kwalba, kamar yadda ake rufe wa maigida nasa. Amarya ta yi wa mijinta girki. Na biyun kuwa an gutsuri gefensa, don mai girki sai ta ɗanɗana.

Ya taɓa, da sauran danshi.

Bai rufe ƙofar ba. Da gwangwanin a hannu ya shigo gari, ya zauna bakin masallaci, ya tashi, ya zagaya, har aka kira azahar. Ana sallamewa, kafin mutane su miƙe, ya tashi tsaye. Mutumin da ya shekara yana yi wa jama'a bayani da murya kamar kakaki, ranar sai da liman ya ce ya ɗaga murya.

"Jama'a, yashin da ke rumfata, daga bakin tafki niɗ ɗebo shi, inda aka wankin zinare. Ni niz zuba shi. Ɗiyanku sun zauna bisa, sun ci abinci bisa. A zo a auna."

Wani ya ce innalillahi. Wani dattijo ya fara cewa ai ba da gangan ba ne, kowa ya ga yashin nan kuma kowa ya yaba. Ɗanjuma bai ɗago kai ba, yana kallon tabarma ya yi magana a hankali.

"Tun yaushe kas sani?"

Namadi na iya cewa yau. Gwangwanin na hannunsa, ba mai ƙaryata shi.

"Kwana tara," ya ce.

Ɗanjuma ya gyaɗa kai. "Yashi ƙaddara ta, Namadi. Nawa ɗan ya riga ya tahi, ban riƙe ka ba. Kwana taran ga ko naka na, kai ka ɗaukar su." Ya sa takalminsa ya fita.

Washegari aka kawo na'ura. Mai riƙe da ita ya ɗora a gaban talabijin, ya duba, ya ɗaga ya sake ɗorawa, sannan ya ce kowa ya ja baya. Aka kwashe yashin har da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, aka ƙone zana da buhuna. Aka sake auna jinin duk yaran gaba, aka samu biyar da ke buƙatar magani, kuma duk sun tashi. Kaset ɗin da suka gogu aka bar masa, sauran suka bi yashi rami. Shi da kansa ya riƙa miƙawa.

Raihana ta rayu. Bayan wata biyu aka dawo da ita, ta rame, tana tafiya tana jan ƙafa ɗaya. Amma bakin nan ya tafi. Ba ta magana, kuma in an kira ta daga baya ba ta juyowa. Namadi ya tare Malama Zulai a hanya ya tambaye ta, da ya faɗa tun ranar farko, da hakan ta faru? Ta ce Allah kaɗai ya sani, gubar ta daɗe a jikinta. Ya sake tambayar ta bayan wata guda, ta ba shi amsa iri ɗaya. Har yau bai samu wadda ta fi wannan ba.

Sai da aka shekara biyu ya sake kafa rumfa, wannan karon da siminti a ƙasa, shi da Shafi'u suka dama. Mutane sun ragu, don yanzu kowane saurayi na da fim a wayarsa, an ma fassara masa da Hausa. Ɗanjuma na amsa gaisuwarsa, amma bai sake bi ta gindin tsamiya ba. Waɗanda ke zuwa sun lura da abu ɗaya. Wata la'asar ana kallon wani na Masar, baran gida ya ga komai ya tsaya bayan labule yana murza hula. Samari suka juya suna jiran a danna, wani har ya fara: "Hwaɗi ma..." Namadi bai danna ba. Ya sauke karansa.

"Tsoro yaka ji," ya ce. "Ku dubi hannunai."

Ranar Laraba ba ya buɗe wa kowa. Da la'asar yakan riƙo hannun Raihana, wadda yanzu ta kai takwas, su shiga su biyu, ya saka fim ɗin kurame, wanda Allah ya sa yana cikin waɗanda suka tsira. Siririn mutumin nan ya fito da ƙyaure a ka, ya juya zai gaida wata mata, ƙyauren ya kwashe mai sayar da ƙwai, bunsuru ya iso. Nan Raihana ke fashewa da dariya, wata irin dariya mai kaushi da ita kanta ba ta ji, tana dukan cinyarsa tana nuna masa da yatsa, wai ya duba, ya duba. Ita ke bayani, ba kalma ko ɗaya, kuma ba ta yarda ya tsaya. Da ya yunƙura sai ta ja rigarsa.

Haka yake zama a ƙasa kusa da ita, kan siminti, har fim ya ƙare.